Ga ƙanwar da aka gayyata Geneva, daga wadda ta riga ta je

Ƙanwata, sau uku na karanta tambayarki kafin hannuna ya daina rawa na iya rubutu. Kin ce wata ƙungiya ta ƙasashen waje ta gayyace ki Geneva ki faɗi halin da mutanenmu 'yan LGBTI, wato masu son jinsi ɗaya da masu sauya jinsi da mata-maza, ke ciki kafin a zo kan ƙasarku a zagayen UPR, bitar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke yi wa kowace ƙasa kan haƙƙin bil'adama, za su biya jirgi da masauki, amma suna so ki sa hannu a takardar da ta ba su damar amfani da sunanki da hotonki. Kina tambaya ki je ko ki haƙura. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Irin wannan takardar ni ma an taɓa miƙo min, na sa hannu ina murmushi.

Ki je. Amma takardar nan kar ki sa mata hannu a yadda take, ko da za su ce an fasa tafiyar.

Ki yi haƙuri, labarina zai yi tsawo. Lokacin da aka gayyace ni na yi shekara huɗu ina tattara bayanan waɗanda aka kama, da waɗanda aka ɗana wa tarko ta intanet aka ƙwace musu waya da kuɗi, da waɗanda aka kora daga asibiti. Ban taɓa hawa jirgin sama ba. Jami'ar da ke kula da mu a ƙungiyar da ta ɗauki nauyina mace ce mai fara'a, "jarumata" take ce min, har filin jirgi ta zo tarbata da rigar sanyi don ta san ba zan zo da ita ba. Na ɗauke ta tamkar yayata. Daren farko ta kawo takardu ta ce na kuɗin guzuri ne da inshora, na bi shafi biyar ina sa hannu ban karanta ko layi ɗaya ba. Kuma da bakina na faɗa mata, a gaban mutum biyu, cewa a gida babu wanda ya san ainihin aikina, mahaifiyata ta ɗauka wayar da kai muke yi kan cutar ƙanjamau kawai. Ta kama hannuna ta ce in kwantar da hankalina, wai ba yau suka fara ba.

Suka ba ni minti ɗaya da rabi in karanta jawabi a zauren Majalisar Kare Haƙƙin Bil'adama, ɗakin nan mai lamba 20 da rufinsa ke zubo da launuka. Babu wanda ya gaya min cewa duk abin da aka faɗa a ɗakin ana watsa shi kai tsaye a tashar intanet ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ana ajiye shi, ko yau wanda ya nema zai gani. Da iyakar abin ke nan ma da sauƙi, wa zai zauna ya kalli jawabai na awa uku? Ita ce ta yanko wurin da nake magana, ta rubuta cikakken sunana da ƙasata a ƙarƙashinsa, ta sa a Facebook da Twitter na ƙungiyar, daidai ranar da nake cikin jirgi ina komawa gida.

Na sauka na kunna waya, ta shiga kuka ba ƙaƙƙautawa. Saƙon farko na yayana ne. Bidiyon kawai ya turo, ba sallama, ba zagi, ba ko kalma ɗaya. Har yau da zai zage ni a ranar da na fi jin sauƙi. Na ja akwatina na shiga banɗakin filin jirgi na kulle, na zauna a ƙasa kusan awa biyu, ina jin mai shara tana ƙwanƙwasawa tana tambaya ko lafiya. Ban san inda zan nufa ba. Gidan da nake haya maƙwabta sun riga sun gani, gidanmu kuwa ba a magana. A banɗakin na rubuta wa jami'ar, hannuna na ɓari, na roƙe ta don Allah ta sauke. Amsar da ta dawo ta na'ura ce: ta tafi hutun mako biyu. Na kira ofishinsu, aka ce sashen yaɗa labarai ne ke da shafin, sashen yaɗa labarai suka ce sai ta amince. Kwana tara bidiyon yana nan. Ranar da aka cire shi ya riga ya gama zaga WhatsApp, ihu bayan hari.

Da ta dawo hutu kin san me ta ce min? Wai na sa hannu. Wai fitowa fili shi ne babban makaminmu, wai wata rana zan yi alfahari da wannan bidiyon. Matar da ke komawa ɗakinta a ƙasar da doka ke kare ta, ita ce ke koya min amfanin fitowa fili. Wata bakwai na yi ina kwana a gidajen mutane, na canza lamba sau uku, mahaifiyata ta fi shekara ba ta ɗaga wayata ba. Abin da ya fi ci min rai ma ba nawa ba ne: a jawabin na kawo labarin mutum uku ban faɗi sunayensu ba, amma da aka gane ni sai aka gane su, don an san wa ke zuwa wurina. Ɗaya daga cikinsu har yau ba ya gaishe ni, kuma ban ga laifinsa ba. Ita kuwa na ji an ƙara mata girma. Ban yafe ba tukuna, ina dai roƙon Allah ya sanyaya min zuciya.

To, ki saurara. Abu na farko da ban sani ba sai daga baya: a zaman UPR ɗin kansa ƙungiyoyi ba sa magana sam, gwamnatoci ne ke ba gwamnati shawarwari. Aikinki na gaske shi ne ki zauna da jami'an jakadancin wasu ƙasashe, minti goma ko sha biyar a wurin shan kofi, ki ba su shafi ɗaya mai ɗauke da shawarar da kike so su karanta a madadinki. Wannan ba ya buƙatar kyamara, ba ya buƙatar sunanki na gaskiya a intanet. Idan ƙungiyar ta nace sai an yi jawabi a zaure, a wani zaman da ake barin ƙungiyoyi su yi magana, ai su ke da rajistar ECOSOC, wato rajistar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke ba ƙungiya damar magana, su sa ma'aikacinsu ya karanta abin da kika rubuta. Ana yin haka kullum. Wanda ya ce miki ba a yi, hotonki yake so ya kai wa masu ba shi kuɗi.

Rahoton da kuke rubutawa ma ki kula. Na ƙungiya ɗaya ba ya wuce kalma 2,815, na haɗin gwiwa 5,630, kuma ana sa shi a shafin ofishin kare haƙƙin bil'adama na Majalisar Ɗinkin Duniya da sunan waɗanda suka aiko, kowa na iya saukewa, har jami'an ƙasarku. In ƙungiyarku ƙarama ce, ku shiga inuwar babba. Ki sauya shekarun mutane, ki cire unguwa, ki cire sana'a. Ni "wani tela ɗan shekara 24" na ce, na ɗauka na ɓoye shi. Kwamitocin yarjejeniyoyi, kamar na yaƙi da azabtarwa, su kuna iya roƙonsu kar su wallafa rahotonku. Ƙwararren nan mai zaman kansa da Majalisar Kare Haƙƙin Bil'adama ta naɗa kan batunmu, Graeme Reid, wanda ya karɓa daga Victor Madrigal-Borloz a 2023, shi ma ana iya rubuta masa, amma sai da yardar mai ƙorafin, kuma wasiƙar da zai aika wa gwamnati ana wallafa ta bayan kamar kwana 60. Ki faɗi tun farko in ba kya so suna ya fito.

Kuma kar wani ya ce miki tsoro ne ya yi miki yawa. A Oktoban 2010 wata jarida a Yuganda ta buga sunaye da hotunan mutane irinmu, ɗan gwagwarmaya David Kato ya kai su kotu ya yi nasara a farkon Janairun 2011, kafin watan ya ƙare an kashe shi a gidansa. Cao Shunli ta ƙasar Sin, wadda ba ma kan batunmu take aiki ba, a filin jirgin Beijing aka tare ta a 2013 tana hanyar Geneva, ta rasu a Maris na 2014 ba ta sake samun 'yanci ba. Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya duk shekara yana fitar da rahoto kan waɗanda aka rama wa don sun yi hulɗa da majalisar. Shiga rahoton ba ya biya wa mutum kuɗin haya.

Ba wai ina cewa aikin banza ba ne, kar a fahimce ni a karkace. Na san akwai masu cewa Geneva shan kofi ne kawai, ban yarda da su ba. A 2011 da ƙyar ƙudurin farko kan batunmu ya wuce a Majalisar Kare Haƙƙin Bil'adama, wanda Afirka ta Kudu ta gabatar, 23 suka amince 19 suka ƙi. A 2016 da aka kafa kujerar ƙwararren, 23 da 18 ne. Mutane irinmu ne suka yi ta safa da marwa kafin a samu waɗannan ƙuri'un. Ni kaina takardar da ta fi yi min amfani ba ta Geneva ba ce, Ƙuduri na 275 ne na Hukumar Kare Haƙƙin Bil'adama ta Afirka, wanda aka amince da shi a Luanda a 2014. Duk jami'in da ya ce min abin Turawa ne, shi nake ajiye masa a tebur: 'yan Afirka ne suka ce a daina duka da kisa, a kuma hukunta masu yi. Sai dai Banjul, inda hukumar take, ita ma ba tudun mun tsira ba ce. Sun ba CAL, gamayyar mata masu son mata ta Afirka, kujerar 'yan kallo a 2015, shugabannin Tarayyar Afirka suka matsa, aka ƙwace a 2018.

Ki roƙi abin da gwamnati za ta ji kunyar ƙi. In kika ce a soke doka, za su ce "mun ji" su wuce, sai bayan shekara huɗu da rabi a sake haɗuwa. Ki sa wannan don tarihi, amma ki haɗa da hana gwajin dubura na dole, wanda kotun ɗaukaka ƙara a Kenya ta haramta a 2018, da hukunta 'yan sandan da ke karɓar kuɗi da barazana, da hana korar marar lafiya. Kuma don Allah kar ki manta da 'yan'uwanmu mata-maza. Kullum harafinsu ne na ƙarshe a sunan LGBTI, kullum su ne ake yankewa in lokaci ya ƙure. Sai a Afrilun 2024 Majalisar Kare Haƙƙin Bil'adama ta yi ƙuduri na farko a kansu, 24 suka amince, babu wanda ya ƙi, 23 suka ƙaurace. Malta tun 2015 ta hana yi wa jarirai tiyatar da ba ta gaggawa ba kafin su iya faɗin ra'ayinsu. Ni a jawabina ko ambatonsu ban yi ba, yana cikin abubuwan da nake jin kunyarsu.

Wani abu kuma, ko da ba ki tambaya ba. Za ki haɗu da jakadan da zai ce, ko mu yi barazanar yanke tallafi? Kar ki amsa ke kaɗai. A 2011 David Cameron, Firaministan Birtaniya na lokacin, ya yi irin wannan maganar, ƙungiyoyin Afirka fiye da 50 suka fitar da sanarwa suna cewa a'a, don in asibiti ya rasa magani mu za a nuna da yatsa. A 2023 kuma da Bankin Duniya ya dakatar da sabon rance ga Yuganda, akwai 'yan gwagwarmayar can da su suka nemi hakan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki ce masa sai kin koma kin yi shawara da mutanenki.

Na dawo kan takardar. Ki ja layi a kan sakin hoton da sunan, ki rubuta da hannunki cewa ba a ɗaukar ki, ba a wallafa komai sai kin gani kin amince a rubuce, ki riƙe kwafi. Ki tambaye su, a rubuce, wa za ki kira ranar Lahadi da tsakar dare in abu ya lalace, kuma nawa suka ware don sauya miki wurin zama. In suka fara inda-inda kin ga amsarki. Ba a fafe gora ranar tafiya: ki ajiye lambar gaggawa ta Front Line Defenders, ƙungiyar da ke taimakon masu kare haƙƙin bil'adama in suna cikin haɗari, ki shirya inda za ki sauka makon farko wanda ba gidanki ba, ki tafi da waya wadda babu bayanan kowa a ciki. A hoton rukuni ma ki koma gefe, a nan aka fi kama mutane, kowa na murna an gama taro.

In kina so ki turo min daftarin rahoton ta manhajar Signal, ba a nan ba, in duba miki wuraren da za a iya gane mutum. Shafin ƙarshe na takardar tasu ma ki ɗauko min hotonsa, ƙananan rubutun nan na ƙasa nake so in gani.