Tambaya da Amsa: Wace barka zan yi wa kwastomata Bayahudiya?

Tambaya: Anti, ina sayar da jakunkunan fata ta Instagram. Wata kwastomata a Amurka Bayahudiya ce, kuma bana ta yi mini barka da Sallah. Ga Disamba ta matso, ina so in rama. Barka da Kirsimeti zan ce mata? Na ga a fina-finai suna kunna kyandir a lokacin.
Mai karatu daga Unguwar Rimi, Kaduna

Amsa: Ƙanwata, Kirsimeti ba bikin Yahudawa ba ne. Kyandirorin nan na Hanuka ne, biki na kwana 8 da ke farawa ranar 25 ga watan Kislev na kalandar Yahudawa, tsakanin ƙarshen Nuwamba da ƙarshen Disamba. Suna tuna shekara ta 164 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da Makabiyawa, wato wasu mayaƙan Yahudawa, suka ƙwato wurin ibadarsu na Kudus daga hannun dakarun Sarki Antiyokus na 4. A ruwayarsu, man fitila na kwana ɗaya ne ya kai kwana 8. Shi ya sa kowane dare ake ƙara kyandir guda a kan mazauni mai rassa 9, a soya wainar dankali yara su ci. Ki rubuta mata "Hanukkah sameach", wato barka da Hanuka, zai yi mata daɗi.

Fina-finan Amurka sun kambama Hanuka ne don yana maƙwabtaka da Kirsimeti, amma a addininsu ƙaramin biki ne. Manyan ranakun suna zuwa a Satumba ko Oktoba. Akwai Rosh Hashana, sabuwar shekararsu, da ake cewa "Shana tova". A rana ta 10 ta sabuwar shekarar sai Yom Kippur, azumin kusan awa 25 ba ci ba sha, na tuba da neman gafara. Ranar nan fatan azumi mai sauƙi ake yi wa mutum.

Abin da na fi so ki riƙe: a al'adarsu ta wajen uwa ake gadon Yahudanci, kuma da yawa ba sa zuwa majami'a amma suna riƙe da bukukuwan gida. Ba kowane Bayahude ba ne ɗan Isra'ila, don haka kada ki ɗora mata nauyin wata gwamnati a cikin gaisuwa. Mu nan Kaduna mun san ciwon a yi wa mutum kuɗin goro saboda addininsa.

Ki duba kalanda kafin ki tura, domin watanninsu na bin jinjirin wata, ranar tana sauyawa kowace shekara.