Soja ne ya sa Conrad Hilton ya yi nasara a harkar otal?

Ka tambaya ko aikin soja ne ya mai da Conrad Hilton babban mai otal, amsar ita ce a'a, ba shi ba ne sila. Gaskiya ne ya yi soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, har an tura shi Faransa, amma sana'ar tun a gida ya tsince ta, a New Mexico ta ƙasar Amurka iyayensa na bai wa matafiya hayar ɗaki shi kuma yana saurayi yana ɗauko musu kaya daga tashar jirgin ƙasa. Da ya dawo a 1919 ma banki ya je saye a garin Cisco na Texas, cinikin ya watse, sai ya ga otal ɗin Mobley cike maƙil da ma'aikatan rijiyoyin mai, ana ba da ɗaki ɗaya haya sau uku a rana, kawai ya saye shi.

Ni dai na yi aiki ƙarƙashin wani tsohon soja mai otal, wallahi tsari da kiyaye lokaci ba a magana, amma lissafin bashi ne ya kusa kai shi ƙasa, horon bariki bai koyar da wannan. Shi ma Hilton karayar tattalin arzikin 1929 ta kusa raba shi da komai, da ƙyar ya farfaɗo, har ya kai ga mallakar shahararren otal ɗin Waldorf Astoria na birnin New York a 1949, kuma da ya rasu a 1979 mafi yawan dukiyarsa gidauniyar taimakonsa ya bar wa.