Siminti a Gaɓar Kogi: Ina Ƙaguwa Ta Tafi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Ikorodu, jihar Legas, kusa da wani rafi da aka yi wa katangar siminti saboda zaizayar ƙasa, kuma tun daga lokacin yaranmu suka daina samun ƙaguwa da dodon koɗi a wurin. Shin siminti guba ne gare su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗanyen siminti yakan sauya ruwan da ke kusa da shi na ɗan lokaci, amma babbar illar ita ce rashin mafaka. Ƙaguwa rami take haƙawa a laka, jatan lande yana fakewa cikin saiwoyi, 'ya'yan mazari kuma a ƙarƙashin duwatsu da ruɓaɓɓen ganye suke girma kafin su yi fiffike. Katanga sumul ba ta da rami ko saiwa, ba ta tare ganyen da ke zama abincinsu, sannan ruwa yana gudu a jikinta da ƙarfin da yake kwashe duk halittar da ba ta sami abin riƙewa ba. Idan kuwa an sare bishiyoyin gaɓa kafin ginin, inuwa ta tafi, ruwan ya yi zafi, iskar da suke shaƙa a cikinsa ta ragu. Kifi ma yakan ƙaurace wa wurin da abincinsa ya ƙare.

Ban ce a bar gaɓa ta zube ba. Wanda ya ga yadda kogin Ogun ke cika a Isheri, a kan iyakar jihohin Legas da Ogun, idan an saki ruwan madatsar Oyan, ko ya tuna yadda teku ta cinye gaɓar Bar Beach a Legas kafin a gina ganuwar tare teku ta sabon birnin Eko Atlantic, ya san akwai inda sai gini mai ƙarfi. A ƙaramin rafi irin naku, tulin duwatsu manya da ƙanana, ko kwandon waya da aka cika da dutse, ya fi, domin ratar da ke tsakaninsu takan tara laka ta zama gidan ƙananan halittu.

A ganina, wanda ya fi duka shi ne a jera dutse a gindin gaɓa, a shuka jema a samansa. Wannan ciyawar jemar da muke saƙa zana da ita a gida, saiwarta tana nutsewa ƙasa sosai tana ɗaure ta. Tun da taku katangar ta riga ta tsaya, ku nemi izinin hukuma ku zuba duwatsu a gindinta.