Zan iya barin karena a mota in shiga masallaci a Nkawkaw?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina zaune a Aboabo, nan Kumasi. Ina da karen gadi, Boerboel ne, ɗan shekara huɗu, nauyinsa ya kai kilo 60. Cikin watan Maris zan kai shi Madina, a Accra, inda na gama gini, don ya riƙa gadi a can. Ni da babban ɗana za mu tafi a motata. Na saba tsayawa a Nkawkaw in yi sallah in ci abinci, abin da ba ya wuce minti 20 zuwa 30. Ka san ba inda za a yarda in shiga da kare. Niyyata in faka a inuwa, in ɗan sauke gilashi, in ajiye masa ruwa a kwano. Wani abokina kuma ya ce gara in bar inji da esi a kunne. Wanne ya fi? Alhaji, daga Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a sabon gida. Daga cikin biyun ba wanda zan zaɓar maka. Shawarata ita ce duk inda ka kashe mota, kare ya sauko tare da ku, mutum ɗaya ya zauna da shi a inuwa. Tunda da ɗanka za ka tafi, rabin matsalar ta warware: kai ka shiga ka yi sallah, ka fito ka karɓi igiya, shi ma ya shiga.

Na san minti 20 ba ya kama da wani abu a wurin mai alwala da sallah da jiran a zubo abinci. Amma zafin mota yana yin mafi yawan aikinsa ne a farkon lokacin, ba a ƙarshe ba. A 2005 wasu masu bincike a Jami'ar Stanford da ke Amurka, tare da masanin yanayi Jan Null, sun auna zafin cikin motar da aka ajiye a rana, suka buga sakamakon a mujallar likitocin yara ta Pediatrics. Sun gano cewa cikin awa ɗaya zafin yana ƙaruwa da kusan digiri 22, kuma kashi 80 cikin ɗari na wannan ƙarin yana faruwa ne a rabin awar farko. A ranar da zafin waje bai wuce digiri 22 ba, cikin motar ya kai 47. Sun gwada sauke gilashi kaɗan, irin yadda kake shirin yi, bambancin bai taka kara ya karya ba. To mu a Maris, tsakanin Kumasi da Accra, da rana zafin waje yakan kai 32 ko ya wuce. Ɗora lissafin a kai: kafin ka idar da sallah cikin motar ya haura 40, kafin ka wanke hannu daga abinci yana neman 50. Duk wanda ya taɓa fitowa daga Juma'a ya kama sitiyari ya sake shi ba shiri, ko ƙarfen bel ya ƙona masa hannu, ya riga ya san wannan ba sai an gaya masa ba.

Abin da yake sa haka shi ne gilashi yana barin hasken rana ya shiga, kujeru da gaban mota su sha su yi zafi, su riƙa dumama iskar ciki, ita kuwa ba ta da mafita. 'Yar kafar yatsu biyu ko uku a saman taga ba ta isa ta sauya iskar ba, balle a wurin da motoci suka jeru ba ko kaɗawar iska.

Inuwa tana ragewa, ban musa ba. Sai dai inuwa ba ta zama wuri ɗaya. Mu nan kusa da tsakiyar duniya muke, da azahar rana tana kusan tsakar ka, inuwar gini takan tsuke ta koma gindin bango. Motar da ka bari a ƙarƙashin bishiya, ka dawo ka tarar rabinta a rana. Kuma motar da ta taho daga Kumasi ta Ejisu da Konongo ta riga ta ɗauki zafi, inji da ƙasan mota suna ci gaba da turo shi bayan ka kashe.

Yanzu ga inda kare ya bambanta da ni da kai, kuma nan ne nake so ka fi natsuwa. Mu gumi muke yi a duk jiki. Kare ba ya gumin da zai sanyaya shi, in ban da ɗan abin da ke fita a tafin ƙafarsa. Babban dogaronsa a kan haki yake: ya buɗe baki, ya zaro harshe, iska ta riƙa wucewa a kan danshin harshe da hanci da maƙogwaro, danshin ya bushe ya tafi da zafi. Yadda randa take sanyaya ruwa ke nan. Da hunturu, iska a bushe, ruwan randa har haƙori yake kamawa. Da iska ta cika da laima sai ka ji shi salam. Kudancin Ghana kuwa laima ce gare shi kusan duk shekara, ga shi kare a rufaffiyar mota numfashinsa ma yana ƙara jiƙa iskar. Sai ya zama yana haki amma ba ya huce, hakin kansa aiki ne da ke ƙara masa zafi, tsoro kuma ya sa shi zabure-zabure. Motar da aka bar kare a ciki har abin ya ɓaci, za ka ga yawu ya shafe gilashi, jikin ƙofa duk karce, wani lokaci har da jini daga faratansa, kwanon ruwan kuwa tuni ya kife a ƙasa.

Zafin jikin lafiyayyen kare tsakanin digiri 38 ne da 39 da 'yan kai. Da ya wuce 41, an shiga haɗari: ƙwaƙwalwa, ƙoda, hanta da hanji duk suna fara lalacewa, jini kuma ya rikice wajen daskarewa. Tazarar digiri biyu ce kawai. Naka kuma yana cikin waɗanda abin ya fi saurin kamawa. Boerboel jiki ne da shi, ga nauyi, ga hancinsa bai kai na karnukanmu na gida tsawo ba. Haka ma Rottweiler, da masu gashi irin Caucasian da German Shepherd da mutane suke ta saye yanzu, su kuwa Bulldog da Pug masu murtsukakken hanci sun fi kowa. Tsohon kare, mai ƙiba, ƙaramin kwikwiyo da mai ciwon zuciya su ma haka. Ko karen gida da ya saba da rana, ya saba ne da ranar da yake iya tashi ya koma ƙarƙashin mangwaro ya tona ƙasa mai sanyi ya kwanta. A mota ba shi da wannan zaɓin.

Maganar abokinka ta fi taka dama-dama, amma ita ma ban yarda da ita ba idan ba kowa a motar. Inji yana mutuwa a tsaye. Fankar lagireto tana tsayawa, inji ya yi zafi, esi ya koma hura iska mai ɗumi, gilasai kuma a rufe ruf. Kare mai kilo 60 da ya ga baƙo ya matso zai yi tsalle zuwa gaba, ya taka maɓalli ko ya bugi giya. Idan salansa tana yoyo, hayaƙi zai iya taruwa a ciki. Ga kuma mota a kunne ba mai ita a bakin babbar hanya. Akwai motocin lantarki irin Tesla da aka yi musu tsarin riƙe sanyi don kare, amma ba su ne muke hawa zuwa Accra ba. Idan dole sai an bar esi, to ɗanka ya zauna a ciki, ya riƙa jin iskar a jikinsa.

Ni da zan tsara maka tafiyar, da na ce ku ɗaga da zarar an sallame asuba. Kumasi zuwa Accra kilomita 250 ne ko kusa da haka, awa biyar ko shida gwargwadon hanya. Wanda ya bar Aboabo kafin ƙarfe shida zai wuce Nkawkaw da sauran sanyin safiya, kuma in Allah ya kiyaye zai yi azahar a Madina, ka ga maganar barin kare don sallah ma ba ta taso ba. Abinci ku riƙo daga gida ko ɗaya ya sauka ya sayo. Inda nake jiye maka shi ne cunkoson Nsawam zuwa Ofankor, domin motar da ta tsaya cak a gosulo ba esi, da wadda aka faka, duk ɗaya ne a wurin kare. Saboda haka ka kai motar a duba esi da fanka tun kafin ranar.

Kare ya zauna a kujerar baya ko a keji mai raga ta kowane gefe, inda iskar esi take isa. Ka sa hannu a wurin ka tabbatar, don sau da yawa gaba sanyi baya zafi. Ban da but, ko da na minti biyar ne. Ban da bayan a-kori-kura a buɗe, ƙarfen yana ƙona tafin ƙafa. Idan za ka sa masa takunkumi saboda mutane, nemi mai kama da kwando wanda zai iya buɗe baki a ciki. Na yadi ko igiyar da ke ɗaure baki gam yana hana shi haki, kuma wannan kaɗai ya isa ya kashe shi. Kada ka ba shi maganin barci don ya natsu, irin waɗannan magunguna suna rage wa jiki ikon daidaita zafi. Abinci mai nauyi a bari sai an isa. Ruwa kuwa, kare mai girman naka yana shan lita uku ko fiye a rana ko ba tafiya. Sayi jakar fiya wata guda, leda 30 ke nan, lita 15: na sha da na zubawa a jiki in ta kama. Duk bayan awa biyu ku tsaya ya sha, ya taka ƙasa ko ciyawa. Kwalta kuwa ka fara ɗora bayan hannunka a kai, in ba ka iya jurewa, shi ma ba zai iya ba. Katin allurar haukan kare ya kasance a motar.

In maganar taɓa shi ce take sa ka ƙyama, a mazhabar Malikiyya da yawancinmu muke bi kare mai rai ba najasa ba ne, kuma malaman unguwa za su ƙara maka bayani. Ka kuma san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ina faɗin haka ne domin ranar da zafi ya kama shi, sai ka sa hannu sosai, ba lokacin ɗari-ɗari.

Alamun ba su da wuyar ganewa. Haki mai ƙarfi da ba ya lafawa, har da kurari. Harshe ya zubo ya yi faɗi, yawu ya yi kauri yana dalala. Ɗaga leɓensa ka duba dasashi: ja wur da farko, daga baya ya koɗe ko ya yi shuɗi-shuɗi. Sai tangaɗi, amai, gudawa wani lokaci da jini, ka kira shi ya dube ka kamar bai san ka ba. Jijjiga da suma su ne na ƙarshe, kada ka jira su.

Da ka ga haka, fara sanyaya shi a nan inda kake kafin ka nemi asibiti. Fito da shi inuwa, ka yi ta kwarara masa ruwa mai sanyi a wuya, ƙirji, ciki, hammata da cinyoyi, ana yi masa fifita da kwali ko a sa shi gaban esi. Ledar fiya wata mai sanyi daga masu talla a bakin hanya ta yi daidai. Kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, yana tare zafin ne. In yana cikin hayyacinsa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan ya sha da kansa, ban da ɗura, kuma ka kiyaye kada ruwa ya shiga hancinsa. Kada ka ba shi farasitamol ko wani maganin zazzaɓi na mutane. Wannan ba zazzaɓi ba ne, magungunan kuma suna iya ƙarasa hanta da ƙodar da suka riga suka jigata. In kana da ma'aunin zafi, ka auna ta dubura, ka dakata da zuba ruwa idan ya sauko 39.5, kada ya zarce ya yi sanyi da yawa.

Daga nan sai wurin likitan dabbobi, ko da ya miƙe yana kaɗa wutsiya. Ɓarnar da zafi yake yi wa ƙoda da jini takan bayyana ne bayan kwana ɗaya zuwa uku, kuma ƙarin ruwa da wuri shi ne yake ceto da yawa. Hukumar kula da lafiyar dabbobi da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Abinci da Noma tana da ofisoshi a gundumomi, a Accra kuma akwai asibitin dabbobi na gwamnati a La. Ka samo lambar likita ɗaya a kan hanya da ɗaya kusa da Madina, ka adana a waya tun daga Kumasi. Kwanakin farko a sabon gidan a sa ido kan fitsarinsa: in ya yi duhu, ko ya ragu, ko kare ya ƙi abinci, a kai shi ranar nan. Kuma a duba inda za a ɗaure shi, don sabon gini yawanci ba bishiya, tsakar gida siminti ne zalla. A kafa masa rumfa tukuna kafin ya iso.