Dala na tashi tun kafin Babban Bankin Najeriya (CBN) ya yi magana, me ke jawo haka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan waya a Wuse, Abuja, daga China nake odar kaya. Abin da ke ɗaure min kai, da safe in kira ɗan canjina a Zone 4 ya ba ni farashin dala, kafin la'asar ya ce ta ƙara, kuma ba abin da ya faru sai dai ana ta cewa wai CBN za ta fito da sabon tsari. Tun ba a fito da shi ba?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Ai wannan "wai" ɗin ita ce take motsa dalar. Ɗan canjin nan idan ya sayar maka yau, gobe sai ya sayo wata ya mayar, to in bai san me gwamnati za ta yi gobe ba dole ya ɗora kuɗin tsoro a kai, mai dala a hannu kuma ya ƙi saki yana jira, ku masu oda ku ruga ku saya kar ta ƙara, kowa na nema ba mai sayarwa, sai ka ga ta haura.

Kuma mutane ba banza suke tsoro ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2021 CBN ta daina sayar wa 'yan canji dala. A Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dala daga wajen naira 460 a hukumance ta wuce 700 cikin kwanaki. Fabrairun 2024 ta kusa 1,900 a kasuwar bayan fage, sannan gwamnan CBN Cardoso ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 22.75, aka dawo da sayar wa 'yan canji dala, zuwa Afrilu ta sauko wajen 1,100. Wanda ya kwashi dala a 1,800 don tsoro, ka san yadda ya kwana, wallahi abin yana min ciwo don yawanci ƙananan 'yan kasuwa ne irinka.

Shawarata, kar ka zuba jarinka gaba ɗaya rana ɗaya saboda wata murya da aka turo a WhatsApp, raba shi kashi uku ko huɗu kana saya a hankali. In za ka sa wa caja ko iyafis farashi, lissafa da kuɗin da za ka sake sayo shi. Sannan ka riƙa bin ranakun zaman kwamitin kuɗi na CBN, wato masu yanke kuɗin ruwa, suna sanar da su tun da wuri, kar biyan odarka ya faɗo a wannan satin.