Tambaya da Amsa: Kuɗin wuta da gas sun cinye ribar, abokin sana'a kuma ya ce mu zauna tare

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina da ɗan gidan fiya wata a Bukuru, injin liƙe biyu da yara takwas. Wallahi duk abin da muka samu a wata kuɗin wuta da gas ɗin janareta ke lashewa, ga leda ta yi tsada, in ka ƙara kuɗin jaka kuma masu shago su koma wajen wani. To kwanaki wani da muke sana'a ɗaya ya zo min da maganar wai mu haɗu mu kamar bakwai, mu riƙa zagaya wuraren juna muna duba inda wuta ke zurarewa. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, ya za a yi in buɗe wa wanda muke kasuwa ɗaya cikin gidana? Ba gara in ci bashi in sa sola in huta ba? Daga mai gidan ruwa, Bukuru.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ni dai in ka bi tawa, ka karɓi tayin mutumin nan, maganar sola kuma a ɗan jingine ta tukunna, ba don ba ta da kyau ba.

Kukan da kake yi kowa na yinsa. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 masu ƙananan janareta suka shiga uku, gas kuwa dama ya daɗe ba tallafi a kansa, sannan a Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin 'yan Band A, wato rukunin da aka ce sun fi samun wuta, daga naira sittin da wani abu zuwa 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sauko da shi wajen 209. Wannan farashin ba ni da kai ke yanka shi ba. Abin da ke hannunka shi ne yunit nawa da lita nawa kake ƙonawa kafin ka fitar da jaka ɗari, kuma nan ne gizo ke saƙar, domin kai kaɗai ba za ka taɓa sanin ko naka ya yi yawa ba. A ce kana ƙona lita huɗu a jaka ɗari, misali nake bayarwa, za ka ɗauka haka sana'ar take, sai ranar da ka ji wani mai gidan ruwa a Farin Gada da irin injinka yana ƙona biyu da rabi, ranar ce za ka tashi tsaye ka fara neman inda sauran ke tafiya.

Kuma irin wannan haɗuwa da zagayen ba sabon abu ba ne. A birnin Zurik na ƙasar Suwizalan aka fara shi a 1987, Jamus ta ɗauka a 2002, kamfanoni goma zuwa sha biyar sai su haɗu, su riƙa zama sau uku ko huɗu a shekara, kowane zama a masana'antar ɗaya daga cikinsu, da injiniya guda da suka ɗauka tare yana duba musu, su sa wa kansu adadin da suke so su rage. Mu da muka tashi muka ga iyayenmu mata na adashe ai ba sai an yi mana dogon bayani ba, yau kwasar wane gobe ta wane, sai dai nan ido da dabara ake zubawa.

Bari in ba ka abin da na gani da idona. Na taɓa raka wani mai gyaran lantarki wani gidan ruwa a cikin Jos, muna shiga sai ga ƙaton janareta mai kVA 60 yana ta ruri, bakin salansa ya yi baƙi ƙirin har wani mai-mai yana ɗiga, mai gyaran ya maƙala kilam mita, wato na'urar auna wutar da ke bi ta waya, a jikin waya sai ga shi kayan da ke kai ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa ba. Mai gidan ya saye shi ne da niyyar zai ƙara injina, bai samu ƙarawa ba, shekara biyu yana shayar da shi gas. Janaretan gas in yana ɗauke da kaya daidai, lita ɗaya na ba da wajen yunit uku, amma in kayan suka yi ƙasa da kashi 30 cikin ɗari sai ya riƙa shan mai a banza yana tara dauɗa a ciki. Ka yi lissafin da kanka, ka raba kuɗin lita gida uku, in lita ta haura dubu ka ga yunit ɗinka ya wuce naira 330 tun ba a sa bakin mai da sabis ba, wato ya fi na Band A ɗin da muke kuka da shi. A gidan dai muka tarar hitar injin liƙe a kunne yara sun fita cin abinci, filta ta toshe famfo na ta nishi, ga tankin sama yana ambaliya ta baya ba wanda ya lura don an saba da ƙarar. Mai gidan kullum yana wucewa ta wajen, idonsa ya riga ya saba. Baƙo ne ke ganin irin wannan, shi ya sa nake son zagayen nan.

To batun tsoronka, ban raina shi ba, kasuwa kasuwa ce. Tun zaman farko ku yi magana a fili ku ja layi: ba a tambayar farashi, ba a tambayar kwastomomi ko inda mutum ke sarin leda, ba a zawarcin yaran wani. Wuta da mai kawai. In ma lambobin ne ba ka so a san naka, ku samu mutum ɗaya da kowa ya yarda da shi, ko injiniyan da za ku ɗauka, kowa ya ba shi nasa ya rubuto ba suna, ka gane layinka ka ga inda ka tsaya. Kuma ba dole sai 'yan ruwa zalla ba, ku jawo mai gidan burodi, mai injin niƙa, kafintocin Katako masu injin yanka katako, mai ƙanƙara, ai moto moto ne, bel ɗin da ya saki yana cin wuta ko a ina yake, moton da aka yi ta naɗe wa koyil a gurguje shi ma haka, mai kwamfireso kuma iskar da ke tsiyaya ta mahaɗar tiyo kan kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na iskar da yake tarawa in ba a kula. A kashe komai a bar tankin iskar cike a kasa kunne, ko a shafa ruwan sabulu a ga kumfa.

Kafin zaman farko ka sayi littafi na ɗari biyu ka ba yaro ɗaya mai hankali, kullum safe da yamma ya rubuta lambar mita, litar da aka zuba, awa nawa janareta ya yi, jaka nawa aka fitar, sati huɗu ba fashi. Sai dai ku lura da yanayin garin nan, a sanyin Disamba da Janairu ruwa ba ya tafiya kamar watan Maris, aiki ya ragu amma janareta na nan yana ci, don haka kowa lissafin wata guda iri ɗaya zai kawo a gwada, kar wani ya kawo lissafin zafi wani na hunturu a zo ana musu. Kilam mita ku yi karo-karo ku saya guda, ta riƙa kwana gidan wanda zagaye ya zo kansa. In kuna da rajista da NASSI, ƙungiyar masu ƙananan masana'antu, ko wata ƙungiyar sana'a ku nemi su haɗa ku da injiniya, kuɗinsa in an raba bakwai ba zai yi nauyi ba.

Sola kuma sai bayan nan. Da yawan kayan da kake ɗorawa ake auna faranti da inbata da batir, in ka sa yanzu har ɓarnar za ka saya wa faranti da kuɗin bashi. Ka rage tukunna, sannan a auna.

TAMBAYA: Malam ina yin yogot da zoɓo a gida a Anguwar Rogo, firiza uku, ni ma irin wannan haɗuwar za ta yi min amfani ko sai masu manyan inji? Daga wata uwar gida.

AMSA: Sosai ma Hajiya, ki nemo mata huɗu ko biyar masu irin sana'arki ku fara. Abu na farko ku duba robar bakin murfi, ki sa takarda ki rufe a kanta ki ja, in ta zare salin-alin to sanyi na fita. Ki janye firiza daga jikin bango kamar tafin hannu, ki goge ƙurar bayanta, kar ki bari ƙanƙara ta yi kauri a ciki, kuma zoɓo ya huce sarai kafin ya shiga. In biyu za su ɗauke kayan ranar, ki kashe ta ukun. Ki rubuta yunit ɗin da mitarki ta ci a sati kafin gyaran da na satin bayansa, ki turo mana mu gani.