'Yata ta zama lauya a Jidda: in biya kuɗin manhajojin nan ko in dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon yadi da turare a Bab Sharif a Jidda. 'Yata ta gama karatun lauya a Jami'ar Sarki Abdul'aziz, ta yi horo a wani ofishi, yanzu lasisinta ya fito. Na ware riyal 90,000 don in buɗe mata nata ofishin. Wani ɗan kamfani ya kawo mana lissafi: manhajar tafiyar da ofis, da rajista a wani rumbun dokoki na intanet, da wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da ya ce ita ke rubuta takardun kotu da kanta. Kuɗin shekara ɗaya zai ci kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da na ware. In biya ko in dakata?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sanya albarka a karatun yarinya, ya sa ta fara a sa'a. Sai a 2013 aka fara bai wa mata lasisin lauya a ƙasar nan, don haka ba ƙaramin abu ta samu ba.

Ka dakata. Dalilina shi ne, galibin kayan da lauya ke aiki da su kullum a Saudiyya gwamnati ce ta tanade su, kuma ba a biyan kuɗin rajista don amfani da su. Shigar da ƙara, da amsa ƙara, da karɓar wakala daga mai ƙara, da neman a zartar da hukunci, duk ta dandalin Najiz na Ma'aikatar Shari'a ake yin su, da lambar Nafath, manhajar gwamnati ta tantance mutum, da ke wayarta. Zaman kotu da yawa ma ta bidiyo ake yi, lauya na zaune a ofishinsa. In ƙarar ta shafi wata hukumar gwamnati, Diwanul Mazalim, kotun da ke sauraron irin wannan ƙara, na da nasa dandalin mai suna Mu'in. In sulhu ake nema, ga dandalin Taradi. Babu manhajar kamfani da za ta maye gurbin waɗannan, ko an saye ta sai an dawo ta nan an shigar da takarda.

Haka batun dokokin. Suna nan a shafin Hai'atul Khubara ta Majalisar Ministoci, sabbi kuma suna fitowa a jaridar gwamnati Ummul Ƙura, wadda ake bugawa tun 1924. Ma'aikatar Shari'a ma tana wallafa hukunce-hukuncen kotunan kasuwanci ga mai son karantawa. To me rumbun kamfanin ke sayarwa? Saurin bincike, da tsara abubuwa wuri ɗaya. Wannan yana da amfani ga ofishin da ke riƙe da ƙararraki masu yawa, inda awa ɗaya ta lauya kuɗi ce. Wadda ta buɗe ƙofa jiya lokaci take da shi, masu ƙara ne ba ta da su tukuna. Akwai ma abin da ya daidaita ta da manya: dokar hujjoji da dokar iyali a 2022 suka fara aiki, sabuwar dokar kamfanoni a Janairun 2023, dokar mu'amalolin jama'a kuwa a Disambar 2023. Tsofaffin lauyoyi ma komawa karatu suka yi.

Manhajar da aka ce tana rubuta takardun kotu da kanta ita ta fi ba ni tsoro. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000, saboda sun gabatar da takarda ɗauke da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙaga, babu su a duniya. Irin waɗannan manhajoji suna taimakawa wajen gyara rubutu ko taƙaita doguwar yarjejeniya, amma duk lambar doka da suka kawo sai an koma asali an duba. Sannan ga sirrin mutane. Dokar kare bayanan mutane ta fara aiki a Satumbar 2023, aka ba da wa'adin shekara ɗaya a daidaita, kuma SDAIA, hukumar kula da bayanai ta Saudiyya, ce ke sa ido a kai. Kafin 'yarka ta zuba takardar sakin wata ko lissafin bashin wani a cikin kowace manhaja, sai ta san a wace ƙasa ake ajiye bayanan da kuma wanda ke iya ganinsu. A tambayi ɗan kamfanin wannan, ya amsa a rubuce.

Abin da zan ce a saya ba shi da ƙawa. Kwamfuta mai kyau guda ɗaya. Na'urar sikana mai jan takardu da yawa a jere, domin duk abin da mai ƙara ya kawo a leda sai ya koma fayil kafin ya shiga Najiz. Layin intanet mai ƙarfi, da na biyu ko da na waya ne, saboda yankewar layi ana tsakiyar zama gaban alƙali ba abin wasa ba ne. Abin sauraro na kunne, da ɗaki mai ƙofa da ake rufewa. Wayar aiki daban da ta gida. Sai wurin ajiyar kwafin fayiloli mai kulle, a riƙa sabunta shi kowane mako. Ranakun zama da wa'adin ɗaukaka ƙara kuwa kalandar waya ta ishe su a farko, muddin ana rubuta su nan take. Batun fatura, wato takardar shaidar ciniki, ka fi ni sani, tunda kai ma ZATCA, hukumar zakka da haraji, ta sa ka koma ta na'ura tun Disambar 2021. Rajistar dariba, wato harajin VAT na kashi 15 cikin 100, ba ta wajaba sai kuɗin shiga na shekara ya haura riyal 375,000, in ta kai nan sai a ɗauki ƙaramar manhajar lissafi da hukumar ta yarda da tsarinta.

Yanzu ga inda nake ganin arzikin ofishin yake, kuma ɗan kamfanin bai sa shi a lissafinsa ba. Ka dubi yadda mutanenmu ke ciniki daga Bab Sharif zuwa Shara Mansur a Makka: a ba da kaya bashi a kan amana, a yi alkawari da saƙon murya na WhatsApp, da Hausa. Ranar da aka saɓa, mai kaya ya zo da waya cike da muryoyi, babu takarda ko ɗaya. Dokar hujjoji ta amince da hujjar na'ura, ta ba ta matsayin rubutu, kuma ta ce mu'amalar da ta wuce riyal 100,000 da rubutu ake tabbatar da ita, shaidar baki kaɗai ba ta isa. Amma harshen kotu Larabci ne. Lauyan da ba ya jin Hausa zai zauna jiran tafinta kafin ya san ko akwai ƙara ko babu. 'Yarka za ta saurari muryoyi hamsin ta ware ukun da ke ɗauke da amsa bashi, ta tura su kaɗai ofishin fassara mai lasisi, ta gargaɗi mai ƙara kada ya goge komai ko ya sauya waya. Ta kuma koya wa 'yan kasuwa abin da ya fi wannan sauƙi: takardar bashi ta dandalin Nafith, wadda in aka ƙi biya kai tsaye ake kai ta kotun zartarwa ba tare da doguwar shari'a ba. Mutum biyar ka tura mata daga layinku su ga aikin, sun fi kowane talla. Sai dai ka kiyaye, abin da abokinka ya faɗa mata ba naka ba ne, ko a gida kada ka tambaye ta.

Sauran kuɗin fa? A ganina fiye da rabi ya zauna a banki. Shago kullum yana ganin ciniki, lauya kuwa yakan yi aiki watanni kafin a cika masa kuɗinsa, haya da wuta da intanet ba sa jira. A kama ƙaramin ofis, a yi rajistar hayar a Ejar, dandalin gwamnati na rajistar haya, a bar maganar kujerun fata. Ku kuma fayyace tun yau ko kuɗin kyauta ne ko rance. In rance ne a rubuta, da ranar fara biya; Alƙur'ani ya yi umarni da rubuta bashi a ƙarshen Baƙara, kuma tana da 'yan'uwa da wata rana za su yi tambaya.

Shi kuwa ɗan kamfanin ka ce masa ya dawo bayan wata shida. Kafin nan ita ta riƙa rubuta aikin da ya fi cinye mata lokaci kowane mako. In bincike ne, a ɗauki rumbun dokokin. In bin ranaku da fayiloli ne, a ɗauki manhajar ofis. Ko wanne aka ɗauka, biyan wata-wata za a yi, kuma a rubuta cikin yarjejeniya cewa ranar da ta daina biya za a ba ta fayilolinta duka a sigar da kowace kwamfuta ke buɗewa.